Ƙara a Ƙarƙashin Jif ɗin Suruki

An yi wani magidanci, mutum mai kawaici, wanda ya ari jif ɗin surukinsa domin ya ɗauko baƙi daga tasha. Ranar an sha ruwan sama, titi ya shafe, bai ga bakin kwalbati ba sai da tayar gaba ta hannun dama ta daki siminti, motar ta yi tsalle ta dire. Ya fito ya duba, babu inda ya lotsa, taya ba ta sace ba. Ya kai motar aka wanke, ya cika mata mai, ya miƙa makulli yana durƙushe, ya yi godiya, bai ce uffan ba. A ganinsa, da wane baki zai gaya wa mahaifin matarsa cewa ya yi ganganci da kayan aro?

Ba a jima ba motar ta fara magana. Duk sanda ta hau gargada sai a ji ƙwas, ƙwas daga ƙarƙashinta, kamar ana ƙwanƙwasa gindin tukunya da muciya. Dattijon ya sa shi ya raka shi gareji. Makaniken, kamar kowane mai sana'ar kirki, da tambaya ya fara kafin ya taɓa sifana: ko motar ta faɗa rami, ko ta daki wani abu kwanan nan? Dattijon ya ce shi ko kaza bai taɓa takawa da ita ba, kuma daga bayan motar yake jin ƙarar. Makanike ya juyo ya dubi magidancin, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana ture tsakuwa da bakin takalmi. Ƙarar ƙarƙashin mota tana da yaudara, takan tashi a gaba a ji ta a baya, makanike kuma inda aka nuna masa nan yake bi. Ya danna bayan motar, ya leƙa, ya tarar da shokozoba ɗaya, abin da ke rage wa mota jijjigar gargada, tana yoyon mai, ya canza ta. Aka zaga a kan kwalta mai sulɓi, shiru. Kowa ya yi hamdala, har da wanda ya san ba a nan ciwon yake ba.

Sai ga tafiya ta kama, za a je ƙauye suna. Da yake magidancin ne yaro, shi aka ba tuƙi. Dattijon yana gefensa da carbi, a baya surukarsa da matarsa da 'ya'yansa ƙanana, ga kwanukan fanke da turamen atamfa an danƙara a but. Suna sauka daga kwalta ƙarar ta dawo, kuma ba irin ta da ba. Yanzu a tafin hannunsa yake jin ta. Sitiyari yana karkarwa, yana fizga dama, in ya taka birki sai wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin ƙafar dattijon. Yara suna waƙa, mata suna lissafin waɗanda za a gaisar, dattijon ya ce makanikan zamani sai a hankali.  Shi kuwa magidancin ya san hanyar sarai. Bayan garin da ke gabansu akwai doguwar gangara da ke ƙarewa a kan siririyar gada, inda manyan motoci ke sauka a guje ba sa ba kowa hanya. Ya buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ya dubi madubi, ya ga ƙaramar 'yarsa ta yi barci a cinyar kakarta, bakinta a buɗe. Tirela ta wuce, iskarta ta ture su, motar ta yi tangaɗi kafin ta daidaita.

A ƙarshen garin, ana hango kan gangarar, ya gangara gefe ya kashe mota. Bai iya duban dattijon ba, sitiyari ya duba.

"Baba, ranar da na ari motar nan na daki kwalbati da tayar gaba. Ta wajenku."

 Aka nemo wani makanike na bakin hanya, aka gaya masa abin da ya faru ba ragi. Bai ko kalli bayan motar ba. Ya sa jak ya ɗaga gaba, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, sai ga ta tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya zura ƙarfe ya ɗan banƙara mahaɗin da ke riƙe ta da jikin motar, wanda suke kira bol-joyin, sai abin ya fita fit daga gurbinsa, tayar ta kwanta gefe. Makaniken ya dubi gangarar, ya dubi yaran da aka fito da su inuwa, ya goge hannunsa kawai.

Dattijon ya juyo ya dubi magidancin. Ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Kunyar nan da ka ji mini, da ita za ka rufe mini jikoki?"

Magidancin ya durƙusa a cikin ƙura, wannan karon ba don gaisuwa ba. Kunya ado ce a zaure, amma a gaban mai gyara, ko likita, ko duk wanda aka je wurinsa neman magani, ba ta da wurin zama. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.