Shaidar yatsa a gilashin waya

Masu cewa yaran zamani sun fi ƙarfin iyayensu ba su san wata mai ƙuli-ƙuli ba. Ɗanta yana aji uku na ƙaramar sakandare, malamansu kuwa ta waya suke turo aikin gida, don haka ta saya masa 'yar ƙwarya-ƙwarya. Ba a yi wata biyu ba shugaban makaranta ya aiko cewa in yaron ya sake faɗuwa, zai maimaita aji. Ta ɗauki wayar ta kai wa mai gyara a bakin kasuwa, ya sa mata takunkumi: ba wasa, ba bidiyo, ba ta buɗuwa sai da lambar sirri mai lambobi huɗu. Kullum bayan la'asar sai ta tsame hannu daga tunkuza ta danna lambar, ta ba shi awa ɗaya ya yi aikin makaranta, in lokaci ya cika wayar ta rufe kanta. Sati guda aka yi ana zaman lafiya. A na biyu ta jiyo ihun 'yan kallon ƙwallo na tashi daga ɗakinsa da hantsi. Mijinta, wanda ya yi boko har da 'yar takardar shaida a bango, ya duba lamarin ya yanke hukunci cewa kutse ne, yaran yanzu da shi aka haife su, sai dai addu'a. Ita ba ta san kutse ba, amma ta san mai. Ta karkata wayar a rana, sai ga ɗigo huɗu suna ƙyalli a gilashin, daidai inda yatsanta ke sauka. Ashe ita ce take bar masa makulli a bakin ƙofa, aikinsa kawai ya jujjuya lambobin har su dace, ya cire takunkumin.

Ba ta yi faɗa ba. Ta koma kasuwa aka canza lambar. Daga ranar sai ta wanke hannu da sabulu kafin ta danna ta gaskiya, sannan ta tsoma yatsa a man gyaɗa ta ɗiga a kan wasu huɗu daban, ta miƙa masa. Lamba huɗu hanya ashirin da huɗu ake jera su. Yaron ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zaci ya tsallake wata, ya rubuta su a bayan littafin lissafi ya sake bi, da irin haƙurin da malaminsa bai taɓa gani a wurinsa ba. Rana ta huɗu ya zo ya tsuguna kusa da kasko.

"Umma, kamar wayar nan ta lalace."

"Ikon Allah," in ji ta, tana juya ƙuli. "A hannuna dai lafiya lau take buɗuwa."

Tunda littafin lissafin yana buɗe a gabansa, kuma babu abin yi, sai ya juya shi ta gaba. Da sakamako ya fito ya wuce zuwa aji huɗu, har ya zo na goma sha ɗaya a cikin sittin. Uban ya shaida wa majalisarsu cewa addu'arsa ce ta ci, matar ba ta musa ba.

Yaro ya iya waya, wannan ba gardama. Sai dai Hausawa sun riga sun faɗa: wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.