Ƙugiyar Sama

Umara kafinta ya zura bakin ƙarfen a ƙarƙashin ƙyauren, ya ɗora ƙafar dama a ɗaya gefen, ya taka. Ƙyauren maɗaci, wanda ƙarti uku suka shigo da shi suna nishi, ya ɗaga daga ƙasa kamar faifai.

Wani maƙeri a Auyo ne ya lanƙwasa masa ƙarfen nan daga tsohon sifirin mota. Yana da ɗan tudu a tsakiya, in ka taka baya sai gaba ya tashi da duk abin da aka ɗora masa, hannuwanka biyu kuma suna sake. Umara yana ce masa Ƙanena, don ya fi ƙannen jini amfani, ga shi ba ya neman tuwo.

Ruwan bana ne ya jawo aikin. Kogin Haɗeja ya yi ambaliya, ya shigo gari har ya ruɓar da ƙofar ɗakin ƙarshe na wannan gidan. Da safe babban wurin ya yi magana gajera: in ƙofa ta tsaya kafin la'asar, Umara ya zauna. In ba ta tsaya ba, motar Kano tana bakin titi, can ma akwai aikin kafinta birjik.

Kano! Gumsu matarsa tana da tsohon ciki. Duk Juma'a takan shigo kwalekwale daga Auyo ta kawo masa tuwon shinkafa da busasshen kifi, ta zauna kaɗan ta koma. Kwalekwale kuwa ba ya zuwa Kano. In motar nan ta tafi da shi, sai dai ya ji haihuwa a bakin matafiya.

Ja'afaru, wanda aka sa ya tsaya a kan aikin, yana jingine da bango cikin kakinsa, hannu a aljihu. Bai kai ƙanen Umara a haife ba, bai kuma san guduma daga zarto ba, amma shi ya fito da kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, idonsa kuma bai bar kansu ba.

Ƙofar irin mai ƙugiya ce: ƙugiya biyu a jikin bango, zobe biyu a jikin ƙyaure. Umara ya sassauta ƙafa a hankali, zoben ƙasa ya zauna a ƙugiyarsa daram. Sai ya ɗaga kai ya dubi ta sama.

Duk kafintan da ya san aikinsa ya san wannan. In ƙugiyoyin biyu suna kallon sama, aiki ya ƙare nan take, amma duk wanda ya samu ɗan ƙarfe da ƙafa ɗaya zai iya ɗage ƙofar ya jingine ta gefe, ko da kwado goma aka sa mata. In aka juya ta sama ta kalli ƙasa, ƙofa ta kamu ke nan, ko giwa ba ta ɗaga ta. Sai dai aikin yana cin lokaci, inuwa kuma ta fara tsawo.

Ja'afaru bai san wannan ba. Babban wurin ma bai sani ba. Umara kaɗai ya sani, kuma ya daɗe yana kallon ƙugiyar nan, zuciyarsa tana raya masa abubuwa. Ya tuna Gumsu. Ya tuna cewa mutumin da ake nema ba ya zama a bakin ƙofar mai jego.

Ya cire ƙugiyar, ya juya ta, ya mayar.

Nan wahalar ta fara. Dole ƙyauren ya tsaya cak a kan ƙarfen, kada ya motsa ko kaɗan, har a ɗaure zoben sama da ƙusoshinsa. Ƙafa ɗaya tana riƙe da nauyin maɗaci, hannu biyu suna sama, goshinsa manne da katako. Ba dama ya juya, ba dama ya share gumi. Cinyarsa ta fara rawa. Wani ƙuda ya sauka a gefen idonsa ya yi zamansa. Daga waje direban motar Kano ya danna oda.

“Kafinta, rana fa tana tafiya,” in ji Ja'afaru.

“Ranka ya daɗe, da za ka miƙo mini ƙusar can.”

“Ni ba a ce in taɓa komai ba.”

Umara ya haɗiye abin da ya taso masa. Hannunsa bai taɓa kuskure ba sai sau ɗaya, ranar da fushi ya riga shi ɗaukar guduma, kuma ya yi wa kansa alkawari ba zai sake ba. Ya janyo ƙusar da yatsun ƙafar hagu, nauyinsa duka a kan ta dama, ya lallaɓa har hannu ya kai gare ta. Ladan yana gyaran murya ya ɗaure ta ƙarshe.

Ya ɗauke ƙafa. Ƙofa ta tsaya. Can bakin titi motar ta tashi, ƙararta ta yi ta raguwa har ta ɓace, Umara ya yi hamdala da ƙarfi, idonsa ya ciko.

Ya goge Ƙanena da gefen rigarsa ya miƙa wa Ja'afaru tare da sauran kayan. Saura gwaji. Al'adarsa ce ba ya yarda da ƙofa sai ya tsaya daga ciki an rufe, ya duba ko haske yana ɓullowa ta wani gefe. Ya shiga.

“Rufe, ranka ya daɗe.”

Ƙyauren ya tafi sumul, ko ƙara babu. Umara ya bi gefensa da ido daga sama har ƙasa, ko zaren haske bai gani ba. Ya shafa katakon, ya ji daɗi har ransa, don bai taɓa kafa ƙofa mai kyan wannan ba.

Daga waje gandiroba Ja'afaru ya murɗa makulli, fursuna Umara kuma ya lalubi tabarmarsa a cikin duhu ya zauna jiran Juma'a.