Ranar da Malam Ya Yi Darasi da Fuskata

Wataƙila na manta wasu abubuwa, don an daɗe. Ina aji biyu na sakandare a Dutse ƙuraje suka feso mini a fuska da wuya. Na keɓe da malamin kiwon lafiyarmu, na tambaye shi magani. Ya ce, "Kar ka damu, ɗana."

Bayan azahar ya kira ni gaban aji, ya ɗaga haɓata da rula. "Ku dubi abin da ƙazanta ke jawowa."

Alhali kullum sau uku nake wanke fuska da sabulun salo. Sai a jami'a na karanta cewa yawanci balaga ce da maiƙon fata.

Duk wanda ke ajin, in na yi wa Malam ƙazafi, don Allah ya gyara mini. Zan fi so a ce ni na yi kuskure.