Cizon Kare

Tun kafin ya kwanta ya fara ba da umarni, kamar shi ya gina asibitin.

"Yaya, ki gyara yadda ko alama ba za a gani ba. Jibi ina da taro."

Likitar ta jawo fitila kusa da fuskarsa. Shekara shida ke nan da ya auri ƙanwarta, kuma ko sau ɗaya wannan "Yaya" tasa ba ta taɓa yi mata daɗin ji ba. Ta yaye bandejin. Gefen hancinsa na hagu ya gutsure, bai fi girman farce ba.

"Karen maƙwabci ne," in ji shi.

"Ina matarka? Kwana uku wayarta a kashe."

"Ta yi tafiya. Ke dai yi aikinki."

Ta yi masa allurar kashe zafi, ba ta ce masa sannu ba. Yadda ta saba, ta yanki 'yar takarda ta ɗora a kan raunin, ta bi bakin raunin da alƙalami don ta san girman fatar da za ta ciro daga bayan kunnensa. Ta ɗaga takardar a hasken fitila, ta daɗe tana kallo. Sai ta raɗa wa nas wata magana, nas ɗin ta fita.

Aikin minti arba'in ne, amma ranar sai da ya ci awa biyu. Ta ɗinka, ta warware, ta sake ɗinkawa. Ya yi tsaki, ya ce dama an gaya masa hannunta ya mutu.

"Ka motsa, hancin ya karkace har abada," ta ce.

Nan take ya yi lamo, don mutum ne mai son fuskarsa. Sai da ta ji takun takalma masu nauyi a bakin ƙofa ta ƙulle zaren ƙarshe.

"Ya fito kamar da?" ya tambaye ta.

"Tsaf. 'Yan sanda ma za su yaba."

Suna shigowa, ta miƙa musu takardar. Shatin haƙora huɗu ne a jere, na mutum ba na kare ba, na ukun da ɗan giɓi. Ta san wannan haƙori sarai, ita ta karya wa ƙanwarta shi suna yara.