Reshen Rumman na Ƙarshe

Ka ce tun da ka ɗauko mahaifinka daga ƙauye ya daina hira. Ka ɗinka masa manyan riguna, kullum kana tara masa baƙi su gaishe shi, shi kuwa sai ƙara ramewa yake yi. Zauna, ɗana, in ba ka labarin wani manomi, don na lura gaggawarku iri ɗaya ce.

Manomin nan gidansu a bakin kogi yake, kuma kowace damina sai kogin ya ci gaɓa ya ƙara matsowa. A ƙofar ɗakin mahaifiyarsa akwai bishiyar rumman da ta dasa da hannunta tun tana amarya. Ta rasu, ɗakin ya rushe, bishiyar kaɗai ta rage masa abin da zai nuna wa 'ya'yansa ya ce ga abin da kakarku ta bari. Da tashi ya zama dole, sai ya sari rassanta ya rungumo zuwa sabon gidansa a kan tudu. Ya haƙa ramuka a fili inda rana ke duka, ya cika su da taki, ya kafa rassan da ganyensu duka, yana ba su ruwa safe da yamma. Ba a jima ba suka yi sabon toho, kore shar. Mutumin naka har da kiran maƙwabta su zo su gani, baki har kunne. Bai san ganyen nan ba daga ƙasa yake sha ba, ɗan ruwan da kowane reshe ya taho da shi daga jikin uwarsa yake zuƙa. Da ruwan ya ƙare suka yi yaushi ɗaya bayan ɗaya. Ya tumɓuke guda ya duba, gindin sumul kamar taɓarya, ko silin saiwa babu. Ya garzaya tsohon gida don ya saro wasu, ya tarar kogi ya riga shi, inda bishiyar take ruwa ne ke gudana. Ya zauna a kan gaɓa ya yi kuka, ƙato da shi, don ji ya yi kamar ranar ce ya binne uwarsa.

Reshe ɗaya ya tsira, wani siriri da ya raina ya jefar a bayan randa, danshi ya hana shi bushewa. Ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ya kai wa wani tsoho mai lambu. Tsohon ya kankare bawon da farce, ya ga kore a ciki, ya ce masa, "Da sauran rai. Amma wanda aka raba da uwarsa ba ado yake nema ba, gindin zama yake nema." Ya tsige ganyen ya bar biyu, ya yanke gindin a karkace daidai ƙasan gaɓar reshen. Sannan ya daka ɗanyen ganyen zogale mai taushi, ya tace, ya sirka da ruwa, ya tsoma gindin reshen ya wuni a ciki. Ruwan zogalen nan ba taki ba ne, ba ƙosar da reshe yake yi ba. Zaburar da shi yake yi, ya taimaki bakin yankan ya warke, ya juyar da ɗan ƙarfin da ya rage ya nufi ƙasa. Manomi ya kafa reshen a tukunyar yashi mai huda, ya ajiye a inuwa, yana yayyafa masa ruwan zogale jefi-jefi. Kwanaki suka yi ta wucewa reshe na nan kamar tsinke, maƙwabtan da ya taɓa kira suna wucewa suna kawar da kai. Wata safiya sai ga ɗan ƙullin fure ya ɓullo, ja wur, irin wanda yake tsinta a ƙofar ɗakin uwarsa yana yaro. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Yana son furen nan har cikin ransa, amma ya san in ya bar shi zai shanye abin da saiwa ke jira. Ya sa farce ya tsinke shi. Kafin damina ta ɗauke, fararen saiwoyi suka leƙo ta hudar tukunya.

To, tsohon nan naka an raba shi da ƙasar da ya binne iyayensa, ƙarfin da ya taho da shi kaɗan ne, kai kuma kana ƙarar da shi wajen yi wa baƙinka murmushi. Na san kana son ganin fara'arsa, amma ka haƙura da ita tukuna. Sallami baƙin, ka nemo masa tsoho ɗaya ɗan yankinsu da za su zauna a inuwa su tuna mutanen da. Kada ka bari abin da ya rage a cikinsa ya ƙare kafin ya kama ƙasa, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.