Kututturen Gonar Gado

Ka ce ka samu gurbin ƙaro karatu a kan kula da ƙasa da itatuwa, amma kana jin nauyin barin iyalinka a hannun 'yan'uwa. To gyara zama, in ba ka misalin wani wa da ƙanensa.

A wani ƙauye can arewa, inda rairayi ya yi yawa, su biyun nan suka gaji gona guda suna noma ta gandu. Wan manomi ne na ji da gani. In bazara ta yi ya shiga sassabe, ba ya barin ko tsinke. Ya sare sabara, ya sare kalgo, ya tara ya cinna wuta, gona ta fito tas kamar an share tsakar gida. A garin nan da haka ake gane namijin noma, wanda aka ga tsiro a gonarsa kuwa rago ne, ba wata magana. Ƙanen malamin firamare ne, yana taya aiki in an tashi makaranta. Sai dai gonar ta gaji. Da gero ya tsiro, iskar farkon damina ta taso ta binne shi da rairayi, a sake shuka, ta sake binnewa. Rumbun da ubansu ke cikawa har baki, yanzu ko rabi ba ya kaiwa. Har wan ya fara zancen su sayar su bi mutane birni. Maganar nan ta tsaya wa ƙanen a rai, don gonar ita kaɗai uban ya bar musu.

Ana nan ya ji labarin wata makaranta da ake koyon farfaɗo da ƙasar da ta mutu, ya nema, aka ɗauke shi. To amma fa ga gemu, ga mata da 'ya'ya, kuma in ya tafi albashi ya tsaya. Ya daɗe yana jujjuya abin kafin ya iya buɗe baki gaban yayansa, kansa a ƙasa. Wan ya ce, "Je ka. In dai tukunyata ta hau wuta, 'ya'yanka ba za su kwana da yunwa ba." Haka ya tafi ya zauna cikin samarin da ke ce masa Baba, kwamfuta tana ba shi kashi, yana cijewa. A gida kuwa mutum ɗaya ya ɗauki bakin gida biyu, bai taɓa aika masa da ƙorafi ba.

Da ƙanen ya gama ya dawo, mutanen gari suka zuba ido su ga tarakta, ko aƙalla buhunan taki. Ina! Da 'yar wuƙar datse reshe ya zo. Ya kai yayansa gona ya nuna masa tsofaffin kututturen itatuwan da aka sare tun zamanin ubansu, ya ce ba su mutu ba, saiwarsu tana can ƙasa da ranta, shi ya sa suke toho kowace shekara. Abin da ake so, a daina sassabe su. A zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a datse sauran, su girma su tare iska, ganyensu ya zama taki. Wallahi ciyar da gida biyu bai yi wa wan nauyin wannan ba, don sunan da ya yi shekaru yana ginawa ake cewa ya ajiye. Amma ya rataye addarsa. Masu wucewa su leƙo su ce, "Sannu da hutawa!" A majalisa ana cewa boko ya koya musu noman sabara. Damina ta zo, iska ta binne shukarsu kamar kullum, dariya ta ƙaru. Duk wannan a bakin wasu ƙanen ya ji shi, yayan bai taɓa ce masa uffan ba.

Shekarar da tohon ya wuce tsayin mutum, aka yi wata iska da ta share gonakin maƙwabta ƙaf. Gari ya waye kowa na neman irin sake shuka. Su kuwa geronsu na nan tsaye a bayan kalgo da gawo, shar da shi. Masu sannu da hutawa su ne suka fara zuwa tambaya, kunya ba ta hana su ba. Daga nan wata ƙungiya ta ɗauki ƙanen aiki, yana bin ƙauyuka yana koya wa manoma raya kututture, aikin da yake ci da shi har yau. Zancen sayar da gona ya mutu.

A kakar nan tsohon rumbu ya kasa, sai da suka gina sabo. Ƙanen ya tsaya yana kallon dammunan gero, ya tuna wanda ya ciyar masa da 'ya'ya, ya kuma shanye dariyar gari dominsa. Godiya ta cika masa ciki har idonsa ya kawo ruwa. Ya fara, "Yaya, ni ban san da wane baki zan..." Wan ya katse shi, ya nuna rufin rumbun da ke ajiye a ƙasa, ya ce, "Bar surutu, kama can mu ɗora."

Saboda haka ka tafi karatunka, malam, ka bar 'yan'uwanka su kama nasu gefen. In ka dawo kada ka manta da su. Ai Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.