Rabin Labarin da Kafinta Ya Ɓoye

Kai da ba ka da hira a gaban 'ya'yanka sai ta tsiyar da ka tsula kana saurayi, matso kusa in ba ka misali, ko jikinka ya yi sanyi.

An yi wani kafinta a wani gari na bakin titi, yana da tsohon babur da ya gada wurin mahaifinsa. Babur ne na gida, shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko buhun masara, shi ke kai maiɗakinsa awo asibiti. A gefen tankin akwai wata lotsawa kamar an sa masa guduma, shi kuma kafintan yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. In an tambaye shi sai ya ce katako ne ya faɗo masa. Ƙarya yake yi! Mutumin nan ba abin da ya fi masa daɗi irin abokai su taru a bencin ƙofar shagonsa, ya buɗe baki ya shiga ba da labarin zamaninsa: yadda yake sace babur ɗin in tsoho ya tafi masallaci, yadda yake ɗaga ƙafar gaba tun daga tasha har kasuwa, yadda yake ɗaure totur da roba don injin ya yi ta gudu da kansa, shi kuwa ya miƙe tsaye a kan sirdi ya saki hannu, 'yan mata na guɗa. Yana faɗa yana buga cinya, ana dariya. Ɗansa na fari, saurayi ɗan shekara goma sha tara, yana daga ciki yana goge katako, bai taɓa sa baki ba, amma ko kalma ɗaya ba ta wuce kunnensa.

Abin da kafinta bai taɓa faɗa ba shi ne ƙarshen labarin. Ran da ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe, robar nan ta ƙi kwancewa, babur ya kwashe shi ya maka da kwalbati. Wata huɗu ya yi kwance a gidan maɗori, ƙashi ya leƙo waje, ana tara masa kwano in zai yi fitsari, uwarsa na kuka a kansa. Wannan ba ya sa a yi tafi, sai ya haɗiye shi.

Ran nan, wata Asabar bayan la'asar, aka zo wucewa da amarya. Samari sun cika titi da babura, ƙara kamar za ta tsaga kunne. Can sai ga wani ya fito daga cikinsu, ya naɗe fuska da ƙyalle, ya sa baƙin tabarau, ya miƙe a kan sirdi amma bai saki kan babur ba tukuna. Tsohuwar zuma ta motsa wa kafinta. Ya yi zumbur ya tashi, ya ɗaga murya: "Yauwa ɗan halak! Saki hannun mana! Haka muke yi a zamaninmu!" Mahayin ya waiwayo wajen muryar, ya saki hannu, ya miƙe sosai.

Yana giftawa ta gaban shagon, idon kafinta ya sauka a kan tanki. Ga lotsawar nan. Ga baƙar roba naɗe a totur, irin ɗaurin da ya sha kwatantawa da hannunsa a kan bencin nan. Ashe ɗansa ne! Ya duba gaba, sai ga amalanken shanu maƙare da yashi yana hawowa kwalta, ya tare rabin hanya. Tsoro irin wanda bai ji ba ko ran da shi kansa ya faɗi ya kama shi. Yana kallo yaron ya durƙusa yana laluben robar, yana ja, tana ƙara ƙullewa. Duk garin nan ba wanda ya san abin da zai biyo baya sai shi.

Ƙarar da aka ji, har yau waɗanda suke wurin ba sa son tuna ta. Kafinta ya ruga yana jan ƙafa, takalmi ɗaya, hula ta faɗi bai sani ba. Ya tarar da yaron a ramin gefen titi, jini na bin fuskarsa, ƙafar hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya rungume kan yaron. Allah ya sa da sauran kwana. Yaron ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi ubansa, ya ce: "Baba, ka gan ni? Na yi irin naka?"

A gidan maɗori, a gefen tabarmar ɗansa, a nan kafinta ya naɗe ƙafar wandonsa, ya nuna masa tabon, ya ba shi sauran labarin yana hawaye. Amma ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yau in ka je garin da safe za ka ga mutum biyu sun nufi shago, uba a gaba ɗa a baya, tafiyarsu iri ɗaya, kowa na jan ƙafar hagu.

Saboda haka ka iya bakinka a gaban na bayanka, in kuwa dole sai ka ba da labarin, to ka kai shi har ƙarshe. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.